Rigar Filo a Bakin Salansa

Mai Wanki ta shekara ashirin tana wanke zannuwan gadon asibitin haihuwa, igiyar shanyarta kuma a jikin katangar tashar mota take. Saboda haka babu motar da ba ta san halinta ba. In ta ɗaga zani ta gan shi kamar an barbaɗa masa gawayi, ta san Ciyaman, shugaban direbobi, ya tayar da bas ɗinsa mai shan dizal.

Autanta ma direba ne. Bara ya kai bas ɗinsa aka juya injin ya koma shan iskar gas, aka kwantar masa da wata ƙatuwar tukunyar gas ƙarƙashin kujerar baya. Daga ranar sunansa ya ɓace a tasha, sai dai Tukunya. In ya shigo a tambaye shi ko girkin ya nuna. Fasinjoji kuma suka riƙa gudun motar, wai kada a tashi sama da su. Matarsa, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ita ta tsegunta wa surukarta cewa in wata ya mutu a haka, zai sayar da motar ya kwashe su su bar garin.

Har da jikoki uku. Mai Wanki ta yini tana murza zani kamar shi ya yi mata laifi.

Ana haka asibitin ya nemi bas da zai riƙa ɗauko ma'aikata, kuma a gindin tagar ɗakin jarirai zai riƙa tsayawa. Ranar zaɓe mutum huɗu suka jeru a harabar: Ciyaman, da wani dogo mai bas ɗin fetur, da Tukunya, da wata budurwa mai keken batir da ta zo gwada sa'a.

Ciyaman ya buɗe babbar riga ya ce dizal shi ne namijin mai, ga hawan tudu, ga tanki ɗaya kwana uku. Ba ƙarya ya yi ba kuwa. Dogon ya ce fetur ko'ina ana samu, kowane bakanike ya san cikin injinsa, ita kuwa iskar gas wuri ɗaya ake ɗurawa a duk garin. Da aka zo kan Tukunya, ɗan mutum sai sosa ƙeya. Babbar nas, mai yanke hukuncin, ta fara kallon Ciyaman da murmushi.

Nan Mai Wanki ta dire ƙunshin wankinta.

"Ranki ya daɗe, ni ban san inji ba, amma na san datti. A ba ni minti biyar."

Ta zaro rigunan filo farare ƙal, ta bi motocin tana ɗaura wa kowace a bakin salansa. Da ta zo kan keken batir ta zagaya shi sau uku, ta durƙusa ta leƙa, gwiwa na ƙara. Budurwar ta ce, "Inna, kada ki wahala, ba shi da wurin." Mai Wanki ta miƙe ta ce to Allah ya yi masa albarka, yaro mai kunya.

Aka tayar da motoci, aka taka totur, aka kashe. Rigar Ciyaman ta fito kamar an goge gindin tukunya da ita. Ta dogon ta yi ruwan toka, ga wari mai hawa kai. Ta Tukunya tana nan fara, sai dai ta jiƙe.

"To, Hajiya," in ji Ciyaman, "motar ɗanki fitsarin kwance take yi."

Har masu gadi suka dara. Mai Wanki ita ma ba ta san da wannan ba. Sai tsohon direban motar asibiti ya karɓi rigar ya shinshina, ya ce tururi ne kawai. Ya ce ita ma gas ɗin tana fitar da iskar da ido ba ya gani, amma ba ta kama ƙafar waɗancan ba. Wanda ba ya fitar da komai a titi shi ne keken, sai dai mutum uku yake ɗauka, kuma sai ya yi zaman caji.

"Fitsarin jarirai nake wankewa tun kana kwandasta," Mai Wanki ta ce wa Ciyaman. "Ruwa ɗaya yake fita. Naka kuwa sai na kwana biyu ina jiƙo."

Babbar nas ta ɗaga baƙar rigar, ta dubi tagar jarirai, ta ce Tukunya ya fara gobe. Budurwar kuma ta riƙa kai masu jego gida.

Mai Wanki ba ta ko dubi ɗanta ba, kada a ce ta cika son kai. Ta ɗora ƙunshinta a ka, ta bi ta tsakiyar tasha alhali ba hanyarta ba ce, tana gaida kowane direba ɗaya-ɗaya, har da tambayar lafiyar iyali. Da ta isa gidan autan ta tarar matarsa ta roƙo kwalayen haɗa kayan ƙaura a shago ta jibge bayan ƙofa.

"'Yar nan, mayar musu da kayansu," ta ce. "Ki aiko mini yaran su taya ni shanya."