Nizar Ya Sayi Tsallake Layi

Ƙanena Nizar mutum ne mai gaggawa tun muna yara a garinmu Irbid. Mahaifiyarmu kan ce ko ranar haihuwarsa bai jira ungozoma ba. Da aurensa da matarsa Rasha ya mutu a Sharja, inda ya je aiki a ƙasar waje, kotu ta bar 'yarsu Tala a hannun uwa, shi kuma aka yanka masa Asabar ɗaya a wata, daga hantsi zuwa la'asar. Ni nake zuwa ɗauko yarinyar, don iyayen ba sa haɗa ido a rabu lafiya.

A watan baya ya kai ta babban filin wasan nan na hanyar Abu Dabi, ya dawo yana huci, wai rabin yinin a layi ya ƙare. Saboda haka wannan karon tun a ƙofa ya biya kuɗin tsallake layi, aka ɗaura mana jar munduwa ta roba.

Ya ce, "Yau ba mai tsayar da mu. Komai sai kin hau, Tala, komai."

Haka kuwa aka yi. Mutane na jere cikin rana suna fifita da hula, mu sai mu bi ta gefe, mu ɗaga hannu, a buɗe mana igiya. Wani Bamisire mai ƙiba, da jaririya a kafaɗa, ya ɗaga murya: "A ba Basha mai sarauta hanya! Ranka ya daɗe, in ka isa sama ka gaishe mana da iska."

Nizar ya yi dariya. Tala ta sunkuyar da kai.

Daga jirgin da ke kifa mutum, sai hasumiyar da ke sako shi, sai kwale-kwalen da ke faɗawa ruwa. Kafin ta gyara gashinta ya riga ya ja hannunta.

"Baba, mu ɗan zauna mana."

"Zama a gida ake yinsa, rabin raina. Dubi agogo."

Can kuma ta nuna dogon layin, ta ce, "Baba, wannan mu bi ta can."

"Ta can? Yaya Suha, kin ji 'yarki? An saya mata doki tana neman jaki."

Na ce masa, "Nizar, yarinyar nan ko shawarmarta ba ta ci ba."

"Ta ci a tafe, Yaya."

Da muka sauko daga lilon da ke juyi, sai amai. Na kai ta ban-ɗakin mata, na wanke mata fuska. A nan ta riƙe bakin famfo ta fashe da kuka.

"Gwaggo, Kanada za mu tafi. Mijin Mama ya samu aiki. Gobe lauya zai kira Baba. Ni na roƙi Mama ta bari in fara gaya masa da bakina."

"To me ya hana ki?"

"Wancan watan a layi muka yi ta hira. Ya ba ni labarin zaitunan Kaka, har ya kwaikwayi muryarta. Na ce yau ma in mun tsaya sai in faɗa masa a hankali. Tun safe ba mu tsaya ba."

Na ce to mu fita yanzu ta gaya masa. Muna fitowa muka tarar da shi riƙe da ruwan sanyi, yana cewa saura biyu kawai, kuma la'asar ta gabato. Tala ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa cike da murna da gumi, ta rufe. Ta hau biyun. Ta yi masa ihun da yake son ji.

A wurin ajiye motoci, saɓanin yadda aka saba, Rasha da kanta na jira, mijinta Hazim na zaune a gaban mota. Ta ga idanun yarinyar sun kumbura, sai ta zaci magana ta riga ta fito.

Ta ce, "Nizar, don Allah kada ka ɗaga hankali. Makarantar can ta fi, kuma duk hutun bazara za ta zo."

"Makarantar ina?"

Tala ta matse hannuna har farcenta ya shige ni.

Da ya gane, ban san lokacin da ya isa motar ba. Ya fizgo ƙofa, ya shaƙo Hazim ta wuyan riga, ya buga masa kai da gilashi. Jini ya ɓalle. Rasha na kururuwa, masu gadi suka zo a guje, jama'a sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Tala ta tsuguna tsakanin motoci biyu ta toshe kunnuwa.

A da, doka na tare da Nizar: ba a fitar da yarinya daga ƙasa sai uba ya yarda. Amma da alƙali ya kalli hoton abin da ya faru, ya ba uwa izini, ya kuma dakatar da ziyarar. Nizar ya yi zaman kurkuku, kamfanin siminti da yake wa aiki ya sallame shi, takardar zamansa ta mutu da aikin. Ranar da jirginsu Tala ya tashi yana tsare. Ni na je filin jirgi. Ta rungume ni, ba ta ba ni saƙo ba, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu yana Irbid, a ɗakin da aka haife shi, yana taimaka wa wani ɗan kawunmu a shagon taya. Yakan kira Tala ranar Lahadi. Wani lokaci ta ɗauka, ta ce tana lafiya, sanyi ya yi yawa, tana da aikin makaranta. Larabcinta ya fara tauri. Shi kuma sai ya yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya, da sauri, kafin ta ce sai anjima.