Fastar da Malam Ya Riƙe a Juye

"Celestine, don Allah buga min yanzu! An dawo da Malam daga asibiti, an ce sai addu'a."

Celestine, mai shagon ɗab'i a Sabon Gari, ya ture katin bikin da yake yankawa. "Khairiyya, fastar nan dai? Injina ma ya haddace ta."

Ba ta yi dariya ba. Takardar na fitowa ta naɗe ta, ta faɗa adaidaita sai Kwaciri.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu Khairiyya da na Malam Hamzat. Shi ke koya wa 'yan ajin farko zanen kwamfuta a kwaleji, shi ne kuma ya yi ta zarya wajen mijinta har ya bar ta ta koma karatu bayan yaye. Amma a aji bai san maƙwabtaka ba. Wanda aikinsa ya yi kyau, abin da yake samu bai wuce "Ya yi" ba. Ga zango ya zo ƙarshe, kowa ya ji tasa "Ya yi" ɗin a kan fastar da ya ba su aiki, ban da ita.

Ta same shi a jingine da filo, ya rame kamar ba shi ba. Ya karɓi fastar, ya juya ta, samanta ya koma ƙasa.

Matarsa Ummakulsum ta toshe baki. "Inna lillahi! Hankalin ya fara tafiya," ta raɗa, ta miƙa hannu za ta gyara masa.

"Bar shi, Hajiya, haka yake dubawa. Ya ce in rubutu na juye ido ya daina karatu, sai ya ga tazarar da ke tsakanin harufa."

Malam ya murmusa. "Ashe kina ji a aji. Na ɗauka tunanin miyar dare kike."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora farce a tsakiyar kanun. "Waɗannan biyun faɗa suka yi? Matso da su. Kaɗan."

"Shi ke nan, Malam?"

"Shi kaɗai ya rage. Gyara ki kawo."

Ummakulsum ta riƙo mata hijabi a bakin ƙofa. "Ki zauna mana, Khairiyya."

Ta gane abin da ake gaya mata sarai. "Yanzun nan zan dawo, Hajiya."

A shagon, gyaran bai ɗauki lokaci ba. Wuta ce aka ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi. Celestine ya yi ta jan igiya har rigarsa ta jiƙe. "Ki yi haƙuri, Madam, zai tashi. Dole ya tashi!" Da ya tashi aka buga, sai kuma wata motar dilolin atamfa ta tare hanya a Fagge. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, har tana haɗawa da gudu.

Tun daga bakin layi ta hango tabarmi a ƙofar gidan, maza sun jeru suna alwala.

A tsakar gida Ummakulsum ta kama hannunta. "Ya tambaya ko kin dawo. Na ce kina hanya. Ya ce to, a ba shi tabaransa."

Khairiyya ta shiga ɗakin. An riga an naɗe katifar. Tabaran na kan taga, a buɗe. Ta warware fastar, ta shimfiɗa a gefensa, ta danne bakin takardar da kofin shayi don kada ta sake naɗewa.