Zanen Iya Yakura

"Ki zauna mana," in ji Iya Yakura. "Ke kullum kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Bara'atu ba ta zauna ba. Tsugunawa ta yi, da farar rigar aiki a jikinta, tana satar kallon agogo. Da la'asar aka fito da tsohuwar tsakar gida a kan tabarma. Kwana shida ke nan ba ta ci abin kirki ba, amma yatsanta na cikin yashi yana aikin da ya saba.

Bara'atu ungozoma ce, shekara biyu da aka turo ta Gure daga Damagaram, inda gwaggonta ta raine ta. Ran da ta tare a gidan da ke jikin na tsohuwar, Iya Yakura ta ƙare mata kallo ta ce, "Ke 'yar Hajja ce ta Rijiya Biyu. Tafiyarta kika ɗauko." Hajja, uwar Bara'atu, ta rasu a shekarar fari, ta bar ta tana 'yar shekara uku. Ƙauyen kuwa, can wajen Bune, yashi ya binne shi har rufin masallaci, mutanensa sun watse. Ba hoto, ba kabari, gwaggo kuma ba ta son zancen.

Iya Yakura kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san garin, ita kuwa ba ta san gajeren labari ba. Kullum a ƙasa take zana garin, kuma daga rijiya take farawa. Kowane gida sai ta tsaya a ƙofarsa: wa ya gina shi, wa ya auri wa, akuyar wa ta cinye rawanin liman. Kafin a kai gidan Hajja, an aiko wata tana naƙuda, ko tuwo ya kama. Bara'atu ta roƙa har ta gaji a tsallake mata.

"Ta sama za ki faɗo gidan uwarki?" tsohuwar kan ce. "Sai kin gaida maƙwabta."

Yau muryar ta dushe. Bara'atu ta ga mutuwa da yawa a wurin aiki, ta san abin da take gani, sai tsoro ya kama ta.

"Iya, tsaya in ɗauko kaye da bik, in rubuta kada ya ɓace."

"'Yar nan, duba kawai."

"Yanzu-yanzu zan dawo."

Ta sami kaye, littafinta na rubutu, a kan akwati. Bik, abin rubutun, shi ne ya ƙi samuwa. Ta zazzage jaka, ta ɗaga katifa, ta leƙa har cikin kwanon gishiri tana zagin kanta. Tana tsaka da haka ta ji Hindatu, surukar tsohuwar, ta ɗaga murya da salati.

Ko da ta shigo, an riga an ɗauke Iya Yakura zuwa ɗaki. Amma garin yana nan a ƙasa, cikakke, yadda Bara'atu ba ta taɓa ganinsa ba: rijiyoyi biyu, masallaci, da zagaye-zagayen gidaje fiye da ashirin. Mata sun fara kwararowa ta zaure, wata ta taka masallacin, wata ta ja tabarma ta share gabashin gari.

"Ku yi hankali!" Bara'atu ta faɗa da ƙarfi, aka bi ta da ido, an zaci zafin rashi ne. Ta fizgo masaki daga gindin randa tana zagaya zanen, ba ta san inda za ta kife shi ba. Duk gidajen iri ɗaya ne.

Hindatu ta kamo hannunta tana kuka. "Sai da ta sa na miƙo mata ƙwallon goruba. Ta ce in kin dawo ki fara daga rijiya."

Bara'atu ta durƙusa. Ta ɗora yatsa a kan rijiya, ta bi gidajen da ta sani tana kiran masu su a hankali, gidan Garbai maƙeri, gidan liman, gidan Inusa mai raƙumi, har sunayen suka ƙare mata. Gida ɗaya a gaba, ga ƙwallon goruba an danna shi cikin yashi.

Ta kife masakin a kai, ta zauna kusa da shi. Mata suka shimfiɗa tabarmi a kan sauran garin, ita kuma tafinta na kan masakin har aka kira magariba.