Fuskar Mai Gyaran Famfo

Shekara talatin mijina Desmond yana cin abinci da fuskar wani. Allah ya yi shi da kama da Roland Ferris, jarumin da ke fitowa a matsayin Hugo Stallard, ɗan leƙen asirin nan na fina-finai da ko yaron goye ya san sunansa a ƙasar nan. Haɓa iri ɗaya, gira iri ɗaya, har da murmushin gefen bakin nan da ke sa matan mutane su manta da aurensu. Ni ma da shi aka kamo ni, ba zan ɓoye ba.

Ranakun aiki Des kafet yake sayarwa a kanti. Amma da yammacin Juma'a ya yi, sai ya zura baƙar kwat, ya ɗaura ɗan maɗaurin wuyan nan mai kama da malam-buɗe-littafi, ya zama Stallard ɗin garinmu, Blackpool. Bikin aure, buɗe sabon kanti, walimar ritaya, duk za ka gan shi tsaye a bakin ƙofa da kofin gilas a hannu, ana layin ɗaukar hoto da shi. Ruwan tuffa ne a kofin, don giya tana tayar masa da gyambon ciki. Ni ce direba, ni ce kuma mai riƙon rigar ruwa, saboda wai Stallard ba ya yawo da rigar ruwa. Kwat ɗin sif guda ta cinye ita kaɗai, kayana kuwa suna cushe a akwati ƙarƙashin gado.

Ɗa ɗaya gare mu, Gavin, mai gyaran famfo. Bai ɗauko komai na ubansa ba. Gidanmu ya biyo, har da kunnuwan marigayi babana, irin waɗanda ba hular da ke iya rufa musu asiri. Yaro ne mai sanyin hali, yana tafiya a ɗan duƙe, hannu cikin aljihu. Duk Lahadi yana zuwa cin abinci.

Ana nan sai kamfanin fim ya ce Ferris ya tsufa, za a nemi sabon Stallard. Jaridu suka yi caa a kan wani yaro, Joel Pennock, wanda ke jan wani shirin leƙen asiri na talabijin mai suna Fasfo Biyu. Ba a jima ba Yvonne, matar da ke samo wa Des aiki, ta bugo waya.

"Des, kada ka ji haushina," in ji ta. "In suka ɗauki yaron nan, sabuwar fuska otal-otal za su nema. Kai sai dai gidajen tsofaffi, su ma in sun gane ka."

Ranar Des bai iya cin abincin rana ba. Ya tsaya gaban madubi ya yi ta jan fatar wuyansa baya, yana saki tana dawowa.

Lahadin da ta biyo, bayan mun gama da gasasshen nama da dankali, ya ce a kunna masa shirin ya ga wanda ake so a ba gadonsa. Muka zauna mu uku. Sai ga Pennock ya sauko daga bas cikin ruwan sama, a ɗan duƙe, hannu cikin aljihu, kunnuwa a baje. Saura kaɗan kofin shayi ya suɓuce mini. Gavin ne sak, har yadda yake sosa ƙeya in an yi masa tambaya. Na juya na kalli ɗana, ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali.

"Wannan?" Des ya daka tsawa. "Wannan ne Stallard? Glenys, dubi yadda yake tsayuwa don Allah! Ɗan leƙen asiri a bas! Yana cin burodi a takarda!"

"Ai ya iya wasan," na ce.

"Ya iya me? Kwat ma in ta gan shi guduwa za ta yi."

A kicin, ina wanke kwanuka Gavin yana gogewa, na zungure shi da gwiwar hannu. Ya yi ɗan murmushi, kunnuwan suka yi ja.

"Na sani, Mama. Tun da aka fara shirin ake tare ni. Jiya wata tsohuwa a unguwar Bispham ta hana ni taɓa tukunyar ruwan zafinta sai da muka yi hoto."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kada ki gaya wa Baba," ya ce a hankali. "So nake in ga ko zai gani da kansa."

Na yi masa alkawari, amma raina bai so ba. Na san mijina. Mutumin da ya shafe shekara talatin yana kallon madubi, ba kasafai yake ganin wanda ke zaune kusa da shi ba.

Maimakon ya gani, sai ya buɗe yaƙi. Akwai shirin safe a gidan rediyon garinmu, na wani mai surutu da ake kira Lenny, inda kowa ke bugowa ya amayar da abin da ke cinsa, daga ramukan titi har zuwa tsuntsayen teku masu fizge wa baƙi soyayyen dankali. Des ya zama ɗan gida a shirin. Ya ce Pennock gajere ne. Washegari ya ce muryarsa ba ta da nauyi. Lenny kuwa ya samu abin nema, sai zuga shi yake.

"Stallard namu na kanmu ne a kan layi, jama'a! Des, yau me yaron ya yi maka?"

"Lenny, mu faɗi gaskiya," in ji Des, yana tsaye a tsakiyar kicin da silifas, hannu ɗaya a ƙugu. "Ka dubi kunnuwan nan. Ta ina mai irin wannan kunne zai ɓuya? Kuma wace mace ce za ta waiwaya ta sake kallonsa? Fuskar mai gyaran famfo ce da shi. In ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba za ka ce ya zo ceton ƙasa ba, banɗaki za ka nuna masa."

Lenny ya yi dariya har da buga tebur. Ni kuwa na tsaya da butar shayi a hannu, don na san rediyon motar Gavin ba ta taɓa barin tashar nan.

"Ka ji abin da ka faɗa kuwa?" na ce da ya ajiye wayar.

"Me na faɗa? Au, batun famfo? Haba Glenys, Gavin ya san ba da shi nake ba."

Lahadi Gavin bai zo ba. Ya turo saƙo wai aiki ya yi masa yawa. Ta gaba ma haka. Des ya cinye rabon yaron na dankali, yana cewa ai matasan yanzu ba su san darajar abincin gida ba. Na ji kamar in kife masa kwanon romo a ka. Alkawari ya ɗaure mini baki, amma ban yi alkawarin zama in naɗe hannu ba.

Dama ta zo ranar wata Asabar da rana. Wata mata tana bikin cika shekara sittin a wani otal na bakin teku, ƙawayenta sun cika zauren, an yi hayar Des ya ba ta fure. Yana tsakiyar aikinsa, gira ɗaya a ɗage, ni kuma ina gefe da rigar ruwa, sai na ga manajan otal yana zarya yana share gumi. Bututu ne ya fashe a banɗakin mata, mai yi musu gyara kuma ya tafi hutu.

"Kwantar da hankalinka," na ce masa. "Ina da mutum."

Na kira Gavin. Masu gyara ta ƙofar baya suke shiga otal, kowa ya sani, ta wajen kwandunan shara. Na ce masa motar kaya ta tare can, ya shigo ta gaba ya ratsa zauren. Babu wata motar kaya, kuma ko yau aka sake haka zan yi.

Ya shigo cikin shuɗin kayan aikinsa, jakar ƙarafa a kafaɗa, gashi a jiƙe da yayyafi, a ɗan duƙe kamar kullum. Wata mai jar hula ce ta fara ganinsa. Ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo! Shi ne! Na Fasfo Biyu!"

Kafin ka ce me, layin Des ya watse. Hatta mai bikin ta cusa wa wata furenta ta ruga. Suka yi wa Gavin zobe, wannan ta riƙe hannu, waccan ta rataya a kafaɗa, wata har da shafa kunnen. Yana ta cewa, "A'a, ku yi haƙuri, aiki na zo," su kuma suna shewa wai har maganar irin ta cikin shirin ce.

Des ya rage shi kaɗai da kofin ruwan tuffa. Ba ya sa tabarau in yana cikin kwat, don haka ya ƙanƙance ido yana hange. Na ga fuskarsa ta canja.

"Glenys, shi ne da kansa," ya ce cikin raɗa. "Pennock. Ya ji ni a rediyo, ya zo ya ci mini fuska a garina."

"To je ka gaishe shi mana."

Ya gyara maɗaurin wuya, ya ajiye kofi, ya ratsa matan da takun nan nasa na ƙasaita. Ya dafa kafaɗar mutumin ta baya.

"Saurayi, ina da magana da kai."

Gavin ya juyo.

Ban taɓa ganin bakin Des a buɗe babu magana a ciki ba sai ranar. Ya kalli kunnuwan, ya kalli jakar, ya sake kallon fuskar. Matan suka ja da baya, don sun ga alamar akwai wani abu.

"Sannu, Baba," in ji Gavin. Babu faɗa a muryarsa, da ma da faɗan ne da ya fi sauƙi. "Banɗaki nake nema. Ai ka ce shi ake nuna mana."

Ni na nuna masa hanya. Da na dawo na tarar da Des zaune a kujerar roba kusa da teburin kek, ya kwance maɗaurin wuyan yana juya shi a hannu. Na miƙa masa rigar ruwa, na tuƙo mu gida. Na so in ji daɗin nasarata, amma tausayinsa ya hana ni.

Ranar Litinin ya sake kiran Lenny.

"Des! Yau kuma ina za mu sara, hanci ko ƙafa?"

"Babu ko ɗaya. Na sake kallon shirin, Lenny, da tabarau. Yaron ya dace, a ba shi."

"Kai, Des! Kunnuwan fa?"

"Kunnuwan mutanen kirki ne, na san gidan da ake samun irinsu. Batun famfo kuma, bakina ne ya yi kuskure. Ranar da ruwa ya ci maka ɗaki, ka kira Stallard mu gani in zai zo."

Har yau kamfanin fim bai faɗi wanda ya zaɓa ba, jaridu ma sun koma kan wani dogo mai jan gashi. Yvonne kuwa sau uku tana bugowa tana neman lambar Gavin.

Ranar Lahadi Gavin ya zo. Ya tarar da kwat ɗin shimfiɗe a kan doguwar kujera, an goge ta, an cire mata leda.

"Baba, ni fa ba zan yi aikin nan ba," ya ce tun daga bakin ƙofa. "Na gaya wa Yvonne. Famfona ya ishe ni."

"Na ji. Gwadawa kawai za ka yi, in gani."

Ya saka don a zauna lafiya. Hannun rigar ya rufe masa yatsu, kafaɗun suka zubo, na yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi. Des bai yi ba. Ya sa tabarau, ya matso, ya ɗaga wa yaron haɓa zai ɗaura masa maɗaurin wuya. Sai hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, ya kai babban yatsa ya shafa wani farin layi a ƙarƙashin haɓar.

"Wannan tabon fa? Yaushe ka samu?"

"Ina ɗan shekara tara, Baba. Daga keke na faɗo. Har ɗinki aka yi mini."

"Ina ina?"

"Kana garin Preston, wajen buɗe kanti."

Des ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da ɗaurin, ya kwance, ya sake ɗaurawa, shi da yake iya yinsa ido rufe. Na koma kicin na rage wutar dankalin, don na ga ba yanzu za su gama ba.