Geron Irin Sharu

"Sauke hannunki daga geron nan," in ji Sharu.

Yana kwance, ƙafafu sun kumbura kamar tulu, amma ido na aiki. Adawiyya, 'yarsa, ta janye hannu daga zangarniyoyin da ke rataye a azara. Geron iri ne tun na kakansa, wanda ko ruwa ya yi rowa a gonarsa ta hanyar Sandamu sai ya yi ido. A kansa yarinyar za ta yi karatun dakta. Ba dakta mai allura ba, a'a, wai na leƙa cikin ƙwayar hatsi a gano abin da ke hana ta mutuwa. Bayoteknoloji, in bakinka zai ɗauka. Wuri biyu suka kira ta, jami'a nan gida da wata a ƙasar Turawa, kuma duk inda ta nufa da geron za ta.

"Baba, cikin tafin hannu kawai nake so."

"Ki kai shi ina?"

"Can suna da na'urori. Nan a ɗauke wuta, abin da na sa a firji ya ruɓe, a tafi yajin aiki, in tsufa ina jira."

"To ki tsufa mana. Mu da muka tsufa a nan kuturta muka yi?"

Goggo Maiturare, ƙanwarsa, tana bakin ƙofa da mafici. "Ana zamanin Shari'a, mace ta hau jirgi ba muharrami. Ko geron ne muharraminki?"

"Goggo, ba da ke nake ba."

"Ai na sani. Mu sai wajen zubar da fo ake da mu."

Sharu ya yi tari har sai da aka tallafe shi. "Bature ya karɓa, ya juya shi, ya dawo mana da shi a leda, a shuka sau ɗaya ya ƙi haihuwa. In nan za ki yi karatun, kwashe duka. In can ne, ko ƙwaya."

Mai wayo sai ta ce nan, ta karɓe abinta, daga baya ta yi yadda ta so. To boko bai koya mata wannan ba, taurin kan kuma gado ne.

"Can za ni, Baba."

Ya juya fuska ga bango. Daga ranar in ta kawo kunu sai ya datse baki, in Maiturare ta miƙa kunun nan dai sai ya sha. Adawiyya takan zauna ta bayansa tana matsa masa ƙafa. Bai hana ba, bai kuma waiwayo ba. Ran Alhamis da hantsi ya cika, kafin azahar maza sun dawo daga kai shi.

Ta yi kuka, kar a ci haƙƙinta. Amma can ƙasan kukan tana lissafin cewa gero ya zama gado, ita ma tana da rabo.

Ranar sadakar uku tana ɗaki cikin masu gaisuwa ta ji luguden taɓare a tsakar gida. Gumba ake dakawa. Wani abu ya tashe ta, ta leƙa ɗakin uban. Azara fayau, sai igiya na lilo.

"Goggo! Ga rumbu cike da gero!"

Maiturare ba ta ɗago daga dunƙula gumbar ba. "Sadakar mamaci da abin da ya fi so ake yi. So kike a bi ubanki da na rumbu mai ƙwari?"

"Shi ya ce a daka?"

"Je ki tambaye shi. Kin san inda yake."

An sussuke, an surfe, an jiƙa, an daka. Ko Baturen bai isa ya tsirar da gumba ba.

"Baɗi me za a shuka a gonar?"

"Sai ki aiko mana da na leda, dakta."

Matan da ke daka suka sunkuyar da kai, taɓare suka ci gaba.

Adawiyya ta zagaya bayan madafa, inda aka yi sussukar. Kaji na tonon ƙaiƙayi. Ta kore su, ta durƙusa, tana baje yashi da yatsa, in ta ga ƙwaya ta sa a gefen mayafi. Wata kaza ta dawo ta tsaya nesa kaɗan, ta karkace kai tana kallon hannunta.