Kukan Ƙarfe a Maƙerar Eulogio

Duk wanda ya yi yaƙin Chaco, wanda ƙasarmu ta gwabza da Boliviya, ya san bindiga iri biyu ce: wadda gwamnati ta ba mu, da wadda muke ƙwacewa a hannun sojojin Boliviya. Harsashinsu ɗaya, dukansu kuma masu sakata ne, ka ja, ka tura, ka harba. Sai dai tasu ƙarfenta kauri gare shi, sakatarta na tafiya sumul ko da yashi ya shiga. Tamu kuwa, harbi kaɗan ta ɗau zafi, sakata ta cije, sai ka sa dunduniya kafin ta buɗe.

Ni, Crisanto, na yi sa'ar tsintar ta Boliviya a wani rami da suka gudu suka bari. Ko ba-haya zan je, da ita nake tafiya.

Aminina Eulogio maƙeri ne tun a garinmu Carapeguá, don haka duk mai shakkar bindigarsa wurinsa yake kaiwa. Yakan zare sakatar, ya rataye bindigar a reshe, ya ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa, ya kasa kunne. Abin da ya faɗa shi ke nan, ba mai musu.

Wata rana da azahar muna shan terere, shayin ganyen nan namu mai sanyi, da ruwan kududdufi, ya ce, "Mutumina, kawo amaryar nan taka mu ji muryarta."

Na miƙa masa ina fankama. Ya ƙwanƙwasa, ta yi kuka mai tsawo kamar ƙararrawar coci. Ya rataye tasa, ta gwamnati, ya buga, ta ce ƙwas ta yi shiru.

Ya girgiza kai. "Ka ji? Taka ƙarfen ƙararrawa ce, busasshe, wata rana tarwatsewa za ta yi a fuskarka. Tawa mummuna ce, amma ƙarfenta a cure yake, shi ya sa ba ta da surutu."

"To, yaya zan yi?"

"Ba ni ita, sakarai. Ni maƙeri ne, na san yadda zan lallaɓa ta. Kai manomin rogo me ka sani?"

Wallahi har ƙwalla na yi. Na ce a raina, ga mutumin da ya ɗauke mini mutuwa ya ɗora wa kansa. Muka yi musanya, ya ɗauki tawa, na ɗauki tasa.

A karon da muka yi na gaba, ina danna kunama bindigar ta fashe. Ta tafi da idona na dama da yatsu uku. Eulogio ne ya goya ni ya ratsa ƙaya da ni har wurin likita. Na ɗauka ƙaddara ce, tunda bindigar gwamnati ba ni ta fara yi wa haka ba.

Da muka dawo gida na yi aure, aka haifa mini ɗa, na sa masa Eulogio, kuma aminin nawa ne ya riƙe shi a wurin baftisma. Rogon farko na gonata gidansa yake zuwa. Duk inda tsofaffin sojoji suka taru suna gardamar bindigogi, ni ne mai miƙewa in ce kada kyan ta Boliviya ya ruɗe su, aminina ya gwada ta a gabana. Suna dariya, ina kumfar baki.

Har furfura ta fito mana ina haka. Ran nan ina zaune a maƙerarsa, sai ga maƙwabcinmu Don Wenceslao da bakin garma guda biyu, yana tambayar wanda ya cancanci gyara. Eulogio ya rataye su ya ƙwanƙwasa. Na farko ya yi kuka mai tsawo. Na biyu ya ce ƙwas.

"Na biyun nan jefar da shi, Don Wenceslao, a tsage yake ta ciki. Lafiyayyen ƙarfe waƙa yake yi. Ko kurma ya san wannan."

Ido ɗaya na rasa, kunnuwana biyu suna nan. Na bari har mutumin ya fita.

"Eulogio, wanne ka ce ya tsage?"

Ya ajiye guduma. Bai tambaye ni me nake nufi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

"Ka sani tun a ranar?"

"Na ga tsagar tun kafin ranar," in ji shi, idonsa a kan garwashi. "Na kai wa kofur, ya ce babu wata. Crisanto, 'ya'yana uku a lokacin. Kai ko mata ba ka da ita."

"Shi ya sa ka zaɓe ni?"

"Ai na goya ka."

"Ka goya ni, gaskiya ne."

Ya cika ƙoƙon terere ya miƙo mini. Na dubi hannunsa, yatsu biyar cif. Ban karɓa ba. Ban zage shi ba kuma, don zagin ya yi masa kaɗan.

Tun ranar ban sake taka maƙerarsa ba, ban sake tsoma baki a gardamar bindiga ba. Amma ɗana yana nan a gidana, ya girma, muna noma tare. Kullum da safe in zan kira shi mu tafi gona, sunan nan nake buɗe baki in kira.