Ranar da 'Yar Gwangwani Ta Ƙi Mutuwa

Ƙanena Douwe bai taɓa ƙarasa magana mai nauyi da bakinsa ba. Da mahaifiyarmu ta rasu ni na yi jawabi a coci, shi yana bayana yana murza hula. Ya haura hamsin, direban bas ne a nan Leeuwarden, kuma fasinja zai yi barci ya wuce tasharsa Douwe na kallonsa ta madubi, kunya ta hana shi tashinsa. Shi ya sa ranar wata Asabar da ya same ni a kicin ɗin kulob ya ce, "Yaya, yau zan tambayi Renske," sai da na ajiye butar kofi.

"Ka tambaye ta me? Ƙarfe nawa?"

"Aure."

"Da wane bakin?"

"Ba da baki ba," in ji shi, ya zuge jaka ya fito da 'Yar Gwangwani.

Kulob ɗinmu ɗaki ne a saman shagon gyaran keke. Nan muke haɗuwa da rana duk Asabar, manya da furfurarmu, mu jera sojojin roba a kan tebur mu yi yaƙin duniyoyin da ke bayan taurari, da tef ɗin awo da 'yan lido, waɗanda ake jefawa su nuna ɗaya zuwa shida. Ni ce alƙaliya, ni ce kuma mai dafa kofi, don ba wanda ya yarda ya ɗauki ko ɗaya.

'Yar Gwangwani motar ɗaukar sojoji ce ta rundunar Douwe, tsawonta bai kai tafin hannu ba. Hunturu guda ya kwashe yana mata fenti, ruwan ɗorawa irin na bas ɗinsa, har da tsatsar ƙarya a gefen ƙofa. Gudu kam akwai shi: kafin tankar yaƙi ta yi taku ɗaya ita ta yi uku. Sulkenta ne abin dariya, bawon albasa ya fi shi kauri. A dokar wasa duk harbin da ya same ta sai mai ita ya jefa ɗan lido, in ba shida ya fito ba ta mutu. In dai Renske ce a ɗaya gefen teburin, motar nan ba ta taɓa ganin zagaye na biyu ba.

Muna da wata al'ada. Wanda ya kashe mota shi zai ɗaga rufinta da hannunsa ya cusa baƙar auduga a ciki, hayaƙi ke nan. Sojojin da ake cewa suna cikin motar a bakin tebur ake jera su, don haka cikin fayau yake. Douwe ya ɗaga rufin ya nuna mini. Zobe ne kwance a wurin sojoji.

"Za ta harbe ta a zagayen farko kamar kullum," ya ce. "Ta buɗe, ta gani. Shi ke nan."

"Kai kuma fa?"

"Ni zan tsaya."

"Wannan kam ka iya."

Haushi ya kama ni, tausayi kuma ya danne haushin. Shekara da shekaru yana son matar nan. Kowa ya sani, har mai gyaran keken ƙasa ya sani. Duk ranar sanyi sai ya zo mata da miyar wake a fulas, ya miƙa ya ce wai ragowa ce. Na san in yau ta wuce bai yi ba, zoben nan zai tsufa a aljihun tebur tare da shi.

Renske likitar shanu ce, doguwa, in ta gaisa da kai sai ka duba yatsunka. Rundunarta duk igwa ce da tankoki, ba ta san dabara ba sai ruwan wuta. Abu ɗaya ta tsana a duniya, a bar mata ci. Ta shigo da rigar ruwa tana ɗiga, ta rataye, ta dubi teburin.

"Direba, ka sake kawo mini gwangwaninka in buɗe?"

"Na kawo, Likita," in ji Douwe, kunnuwansa jajur.

Baba Wiebe, tsohon mai raba wasiƙu da ya daina wasa tun da idonsa ya yi rauni amma bakinsa bai yi ba, ya jawo kujera da ledar baƙar alewarsa mai gishiri. Na ce a fara. Zagaye biyar ake yi, kuma wanda ya fi daɗewa riƙe da tudun tsakiyar fili shi ya ci.

Douwe ya ja tef, ya ɗauki motar ya dire ta a kan tudun, fili fetal, gaban bakin kowace igwa. Tana sauka ta yi ƙwal.

"Yaro, wani abu ya kwance a motarka," in ji Baba Wiebe.

"Maganaɗisun rufi ne, Baba."

Renske ta harba, ta samu. Douwe ya jefa ɗan lido yana murmushin wanda aikinsa ya ƙare. Shida.

"Kai!" in ji Baba Wiebe. "Yau gwangwani ta karya kumallo."

Ta sake harbawa da wata igwar. Shida. Murmushin ya tsaya a fuskar ƙanena bai san inda zai kai shi ba.

A zagaye na biyu ya juya motar ya ba igwoyin baya, inda ko tari aka yi mata sai ta lotsa.

"Direba, baya ka ba ni?"

"Ribas nake koyo."

"A filin yaƙi?"

Ta tattara duk abin da take da shi mai baki ta sake mata. Uku suka samu. Douwe ya jefa uku a tare, suka gangara, suka bugi wani rusasshen bene na kwali, suka tsaya. Duk ukun shida suka nuna. Ɗakin ya ɗauki ihu, mutanen sauran teburan suka bar yaƙinsu suka zo kallo. Baba Wiebe ya miƙe da sandarsa.

"Alƙaliya, a binciki 'yan lidon nan! Yaron da bai taɓa cin ko caca ta coci ba?"

"Ni ma ina so a canza su," in ji Douwe da sauri. Ban taɓa jin wanda ake zargi ya goyi bayan mai ƙara da zafi haka ba.

Na ciro nawa daga jaka. Duk kulob an san 'yan lidona, tun da na saye su ba su taɓa wuce uku ba sai bisa kuskure, su suka mayar da ni alƙaliya. Saura harbi ɗaya a zagayen, ya kuma samu. Douwe ya karɓi ɗan lidona kamar magani, ya jefa. Shida. Na tsaya ina kallon munafukin abin nan da ya ci amanata shekara da shekaru, yau da nake roƙon ya yi halinsa ya tashi nuna bajinta. Da ba jama'a da ta taga zan wurga shi.

Aka tafi shan kofi da burodi da cuku. Douwe ya bi ni kicin ya turo ƙofa.

"Yaya, ki ce ta mutu."

"Da wace doka?"

"Ki ƙirƙiro. Ki ce mai ya ƙare."

"Wiebe na zaune? Ya haddace littafin nan fiye da sunayen jikokinsa. Ka buɗe baki kawai, Douwe. Ga ta can tana cin cuku."

"In na buɗe iska ce ke fita."

"To ka koma ka mutu da kyau."

A zagaye na uku ya sauko da motar daga tudu ya bi da ita ta tsakiyar filin nakiya, wanda duk mai hankali ke kewayewa, ya komo da ita inda ta taso. Nan doka ta fi sauƙi: in ɗaya ko biyu ya fito, nakiya ta tashi da ita. Ya rufe ido ya jefa. Ba sai na faɗa ba, ta sake tsira. Wani saurayi daga teburin baya ya roƙi a bar shi ya taɓa hannun Douwe kafin jarrabawarsa.

Renske ce kaɗai ta daina dariya. Da layinta ya zo ta ja tef, ta kau da igwoyinta daga tudun, ta shiga ragargazar sojojin ƙasan Douwe da ke can gefe ba ruwansu.

"Likita," ya ce a hankali, "ga mota nan fa."

"Na gan ta."

"Ba za ki harba ba?"

"Ba na cin sadaka. Ka ajiye ta a fili, ka ba ni baya, ka bi ta nakiya. Makauniya ce ni? Tun da nake wasa da kai ban taɓa roƙon ka tausaya mini ba."

Douwe ya buɗe baki. Ya rufe.

Haka zagaye na huɗu da na biyar suka wuce. Ta share masa runduna tas, ba ta ko kalli tudun ba. 'Yar Gwangwani kuwa na zaune a sama abinta, ruwan ɗorawa shar, a daidai wurin da ya ajiye ta don ta mutu, tana tara masa maki. Na duba na sake dubawa, ba yadda zan yi.

"Douwe ya ci," na ce, murya kamar mai sanar da rasuwa.

Aka yi ta tafi. Karonsa na farko ke nan a kan Renske. Baba Wiebe ya ba shi alewa har biyu, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Renske ta miƙa masa hannu ta ce ya yi kyau, ta jera sojojinta cikin akwatin soso ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta sa rigar ruwa. Ƙanena na tsaye da motar a hannu, yana jujjuya ta, abin ciki na ta ƙwal-ƙwal.

Ta kai bakin ƙofa, ta kama mariƙi, sai ta juyo.

"Direba, aikina ke nan sauraron cikin saniya. Na san ƙarar maganaɗisu, na kuma san ƙarar abin da ba maganaɗisu ba."

Baba Wiebe ya daina tauna.

"Zagaye biyu na farko da gaske na yi harbi," ta ce. "Duk abin da nake da shi na zuba, ba ka ga tef na rawa a hannuna ba? Da ta ƙi mutuwa sai na samu lokacin tunani. Na ce to in ta mutu fa? In buɗe, in gani, kai kana tsaye kana kallon takalminka, Yaya Aukje ta yi mini bayani? Ba da mota zan zauna ba, Douwe. Ba da yayarka ba kuma, ki yi haƙuri Yaya."

"Ba komai," na ce.

"Ga ni a ƙofa. Ruwa ake yi, kekena na jiƙewa. In kana da magana ka yi."

Ya juyo ya kalle ni, irin kallon da yake mini tun yana ɗan shekara biyar in baƙo ya tambayi sunansa. Maganar ta cika mini baki, tsaf da ita, na san yadda zan jera ta. Na haɗiye, na ɗaga kai ina nazarin silin.

"Renske," ya ce. Ya tsaya. Ana jin ruwa a kan kwano. "Miyar nan ba ragowa ba ce. Don ke nake dafawa." Ya ɗago kai ya dube ta. "Ina son ki. Tun ranar da kika fara kashe mini motar nan. Ina so ki aure ni, in ba damuwa."

"In ba damuwa!" in ji Baba Wiebe. Na taka masa ƙafa.

Sai ga shi magana ta ɓalle masa. Douwe ya ce gidansa ƙarami ne amma akwai wurin ajiye keke biyu, ya ce yana minshari amma likita ya ce da sauƙi, ya ce zai nemi a sauya masa aikin asuba, ya ce ba ya son karenta amma zai koya. Renske ta saki ƙofar ta tako.

"Ya isa, kada ka ƙarar da ta shekara guda yau."

Ta karɓi motar daga hannunsa, ta ɗaga rufin, ta ɗauki zoben ta sa, ya tsaya a gaɓa ta tura shi da ƙarfin likitar shanu. Sannan ta laluba aljihun rigar ruwanta ta ciro baƙar audugar da ta tanada tun zagayen farko, ta cusa a ciki, ta dire 'Yar Gwangwani a kan tudun tana hayaƙi.

"Na yarda," ta ce.

"Alƙaliya!" Baba Wiebe ya buga sanda. "Kisa bayan an tashi wasa! Ba ya cikin doka!"

"Maki na nan yadda yake," na ce. "Douwe ya ci."

Kuka ya taho mini, ni kuwa ba na kuka gaban mutanen da nake yi wa hukunci. Na ɗauki butar kofi na shige kicin na rufe ƙofa, na jingina da ita na yi mai isata, kukan daɗi da na wani abu da ban san sunansa ba. Ta jikin ƙofar ina jin hayaniya, ana jan kujeru, wani na neman kofuna. A ƙarƙashin duk wannan akwai muryar ƙanena. Har lokacin magana yake yi.